Mu San Jikinmu: Ƙwaƙwalwa, Laka da Jijiyoyin Saƙo

A ɗakunan duba marasa lafiya na wannan asibiti da wuya a wuni ba a ji wani ya ce, "Likita, jijiya ce ke damuna" ba. Idan aka ce ya nuna wurin, wani sai ya dafa ƙeyarsa, wani ya dafa ƙugu, wani ya nuna layin da ya taso a bayan hannunsa, wani kuma ya kama agararsa. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, domin a Hausa abubuwa uku ne ke amsa sunan jijiya. Akwai jijiyar jini, wadda bututu ce da jini ke gudana a cikinta, ita malamar jinya ke nema idan za ta ɗebi jini ko ta sa ƙarin ruwa. Akwai jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin agara, wadda igiya ce kawai mai ƙarfi. Ta uku fara ce mai kama da zare, aikinta kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi da dawo da labari daga gaɓoɓi zuwa ƙwaƙwalwa. Ita za mu kira jijiyar saƙo a wannan darasi, kuma a kanta za mu yi magana, tare da iyayen gidanta biyu, wato ƙwaƙwalwa da laka.

Abin da ya sa muka ga ya dace majiyyaci da mai jinya su san ginin wannan sashe na jiki shi ne ya sha bamban da sauran sassa a abu guda. Fata idan ta yanke tana haɗewa. Ƙashi idan ya karye ana ɗora shi ya kama. Jini idan ya zuba jiki yana sake yin wani cikin 'yan makonni. Amma ƙwayar halittar ƙwaƙwalwa ko ta laka idan ta mutu, galibi ba ta da magaji. Wanda ya fahimci haka zai gane abin da ya sa ran ma'aikatan asibiti ke ɓaci idan an kawo mai shanyewar ɓarin jiki bayan ya kwana uku a gida.

CIBIYA DA RASSA

Masana sun kasa wannan tsari gida biyu. Na farko cibiya, wato ƙwaƙwalwa da laka. Na biyu rassa, wato dukkan jijiyoyin saƙo da suka fito daga cibiyar suka watsu cikin jiki har kan yatsu. A riƙe wannan rabo, za mu dawo kansa, domin ciwon cibiya da ciwon reshe makomarsu ba ɗaya ba ce.

Ƙwaƙwalwar babban mutum nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, galibi tsakanin kilo 1.3 da 1.4 ne, wato kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki. Duk da haka ita kaɗai ke cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita idan mutum yana hutawa. Kuma ba ta da rumbu. Abin da jini ya kawo mata yanzu, na iska da na sukari, shi take ci yanzu. Idan jini ya yanke mata gaba ɗaya mutum zai suma cikin kimanin daƙiƙa 10, bayan minti 4 zuwa 5 kuma ƙwayoyinta sun fara mutuwa. Haka ma mai ciwon suga da ya sha magani ko ya yi allurar insulin bai ci abinci ba, yakan fara gumi, ya rikice, ya yi ta sambatu kamar mai maye. Ƙwaƙwalwarsa ce ke jin yunwa.

Taushinta kuwa, duk wanda ya taɓa fasa kan rago da Babbar Salla ya san shi. Saboda haka Allah Ya ba ta kariya hawa-hawa. Daga waje akwai ƙoƙon kai. A ciki tantani uku sun lulluɓe ta, kuma tsakanin na biyu da na uku akwai wani ruwa garai-garai wanda take shawagi a cikinsa, yana rage mata girgiza idan kai ya bugu. Yawan ruwan a kowane lokaci kusan mililita 150 ne, bai cika rabin kwalbar lemo ba, amma jiki yana yin kusan rabin lita a kullum yana shanye tsohon. Idan hanyar da ruwan ke bi ta toshe a jariri sai ya taru, kan yaron ya yi ta girma, domin ƙasusuwan kansa ba su gama haɗewa ba. Ana yin aiki a buɗe wa ruwan hanya, kuma sakamakon ya fi kyau idan an zo da wuri.

Wannan tantani shi sanƙarau ke kamawa. Ƙwayar cuta ta shiga, tantanin ya kumbura, sai zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sandarewar wuya, domin tantanin ya sauka har cikin gadon baya, sunkuyar da kai kuma yana jan sa. Manyanmu ba su manta da annobar 1996 ba, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa, ta kashe fiye da 11,000. Wasu daga cikin waɗanda suka tashi sun tashi da kurumta, saboda cutar ta lalata cikin kunne da jijiyar ji.

SASSAN ƘWAƘWALWA

Babban sashe shi ne na sama, mai lanƙwashe-lanƙwashe, rabe gida biyu, dama da hagu. Wajen goshi nan ake tsara abin da za a yi, da kame kai, da ba gaɓoɓi umarnin motsi. Bayansa kaɗan, wajen tsakiyar kai, nan ake karɓar labarin taɓi da zafi da sanyi. Ta wajen kunne akwai ji da fahimtar magana da ajiye abin tunawa. Gani kuwa, abin mamaki, a ƙeya yake. Shi ya sa wanda aka buga a ƙeya yake ganin walƙiya, shi ya sa kuma mutum zai iya makancewa alhali idonsa lafiya lau.

Wayoyin da ke sauka daga ƙwaƙwalwa suna gittawa kafin su shiga laka, na dama su koma hagu, na hagu su koma dama. Don haka idan hannun dama da ƙafar dama suka shanye, ɓarnar tana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. A wurin mafi yawan mutane cibiyar magana ma a hagu take, shi ya sa shanyewar ɓarin dama ta fi zuwa da ɗaukewar magana. Wani likita a Faransa, Paul Broca, ya nuna haka a 1861, bayan ya duba ƙwaƙwalwar wani majiyyaci da ya yi shekaru yana fahimtar abin da ake faɗa masa amma ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya tak. Muna roƙon masu jinya su riƙe wannan: wanda maganarsa ta ɗauke sau da yawa yana jin duk abin da ake faɗa a kansa. A kiyaye harshe a gabansa.

A ƙarƙashin ƙeya akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa, mai daidaita tafiya da saita hannu. Ita likita ke gwadawa idan ya ce ka taɓa hancinka sannan ka taɓa yatsansa, ita kuma giya ke sa wa tangaɗi. Sai tushen ƙwaƙwalwa, wanda ya haɗa ta da laka kamar yadda kara ke riƙe da zangarniya. Ƙarami ne, amma a nan ake kula da numfashi da bugun zuciya da haɗiya da farkawa daga barci. Matashin da ya sha tiramadol ko kodin fiye da kima, wannan wurin ne maganin ke dannewa, numfashi ya yi ta raguwa har ya tsaya.

LAKA DA RASSANTA

Laka kaurinta kamar ƙaramin yatsa ne, tsawonta kimanin santimita 45 a babban mutum, tana kwance cikin wani rami da ƙasusuwan gadon baya suka yi mata. Ba ta kai ƙarshen gadon baya ba. Tana tsayawa ne a saman ƙugu, daidai ƙashi na farko ko na biyu cikin ƙasusuwa biyar na ƙugu. Daga nan zuwa ƙasa jijiyoyi ne kawai ke reto cikin ruwa kamar jelar doki. Mun kawo wannan ne saboda iyaye da yawa kan ƙi yarda a ɗebi ruwan gadon bayan ɗansu don gwajin sanƙarau, suna tsoron za a taɓa laka ya shanye. Allurar ana sa ta ne ƙasa da inda laka ta ƙare, haka ma allurar kashe ciwo da ake yi wa mai haihuwa idan za a yi mata aiki. Ruwan da ake ɗiba kuma jiki yana mayar da shi cikin ƙasa da awa ɗaya. Yaron da ya nakasa bayan sanƙarau, cutar ce ta nakasa shi.

Daga laka jijiyoyin saƙo 31 ke fita ta kowane gefe, dama da hagu, kowace da yankin da take kula da shi. Wasu 12 a kowane gefe kuma daga ƙwaƙwalwa suke fita kai tsaye, su ne na gani da ji da shanshana da ɗanɗano da motsin ido da fuska da harshe. Idan laka ta yanke a wani wuri, abin da ke sama da wurin yana ci gaba da aiki, abin da ke ƙasa kuwa ya rabu da ƙwaƙwalwa. Karaya a tsakiyar baya tana shanye ƙafafu tare da riƙon fitsari da bayan gida. Karaya a wuya tana haɗawa da hannuwa, idan ta yi sama sosai har da numfashi, domin jijiyar da ke motsa babbar tsokar numfashi daga wuya ta fito.

Laka tana yanke wasu hukunce-hukunce da kanta. Uwargida ta taɓa tukunya mai zafi, ta janye hannu kafin ma ta ji zafin. Saƙon ya shiga laka, laka ta mayar da umarni nan take, sannan labari ya isa ƙwaƙwalwa. Wannan gajeriyar hanya ce likita ke gwadawa idan ya buga maka 'yar gudumar roba a gwiwa. Idan ƙafa ba ta motsa ba, yana zargin reshe ko inda ya shiga laka. Idan ta yi harbi fiye da kima, yana zargin sama, a laka ko a ƙwaƙwalwa.

Akwai kuma rassa masu aiki ba da izininmu ba, masu kula da zuciya da hanji da mafitsara da gumi. Wani ɓangare nasu yana tayar da jiki idan an razana, zuciya ta buga, baki ya bushe. Ɗaya ɓangaren yana kwantar da shi, a narkar da abinci.

NIYURON, MAI ƊAUKE DA SAƘO

Kamar yadda ake gina ɗaki da tubali, haka aka gina kowace gaɓa da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyin saƙo iri biyu ne. Na farko ana kiransa niyuron, shi ne mai ɗauke da saƙo.

An daɗe ba a iya ganin siffarsa ba, saboda ƙwayoyin sun cakuɗe kamar saƙa. A 1873 wani likitan Italiya, Camillo Golgi, ya gano wani rini na azurfa da ke baƙanta ƙwaya ɗaya ya bar na kusa da ita. Wani masani na ƙasar Sifaniya, Santiago Ramón y Cajal, ya yi amfani da rinin ya nuna cewa kowane niyuron zaman kansa yake, bai manne da maƙwabcinsa ba. Golgi bai yarda da haka ba, amma an haɗa su an ba su kyautar Nobel tare a 1906, kuma daga baya ta tabbata Cajal ne ke da gaskiya. Tsofaffin littattafai sun ce akwai niyuron biliyan 100 a ƙwaƙwalwa. Ƙidayar da wata masaniya 'yar Birazil, Suzana Herculano-Houzel, ta yi da abokan aikinta a 2009 ta nuna kusan biliyan 86 ne, kuma mafi yawansu a cikin ƙaramar ƙwaƙwalwar nan ta ƙeya suke.

Niyuron ya yi kama da bishiya. Yana da gangar jiki, inda ake sarrafa abinci da duk kayan gyara. Daga gangar gajerun rassa masu yawa sun fito, ana kiransu dandarayit, su ne masu karɓar saƙo. Sai doguwar waya guda ɗaya mai suna akson, wadda ke fitar da saƙo zuwa gaba. Wani akson bai kai milimita ɗaya ba, wani kuma ya kai mita guda, kamar wanda gangarsa ke cikin laka a saman ƙugu bakinsa kuma yana tsokar tafin ƙafa. Abin da muke kira jijiyar saƙo dami ne na dubban irin waɗannan wayoyi an ɗaure su wuri ɗaya.

Tsawon nan yana da tsada. Duk abin da bakin wayar ke buƙata daga gangar ake turo shi, don haka idan wata cuta ta raunana niyuron, mafi tsawo ne ke fara gazawa, kuma daga can nesa yake farawa. Shi ya sa mai ciwon suga na shekaru yake fara jin minjirya ko zafin barkono ko mutuwar fata a yatsun ƙafa, ƙafa biyu a lokaci ɗaya, abin ya yi ta hawa a hankali, sai ya kusa gwiwa sannan ya taɓa yatsun hannu. Ƙafar da ba ta jin ciwo tana taka ƙusa ko garwashi ba ta sani ba, gyambo ya biyo baya. Saboda haka muke ce wa masu ciwon suga su duba tafin ƙafarsu kullum, lokacin alwala ya isa, kada kuma su yi yawo ba takalmi.

Shan inna kuwa gangar take kai wa hari. Ƙwayar cutar tana shiga laka ta kashe niyuron masu ba tsoka umarni, sai ƙafar yaro ta saki ta rame, alhali yana jin taɓi a cikinta, domin niyuron masu kawo labarin taɓi ba a taɓa su ba. An ga na ƙarshe da ainihin ƙwayar ta kama a Nijeriya a Borno a 2016, kuma a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ita. Ana ci gaba da ɗiga wa yara rigakafi saboda wani nau'in yana ɓulla a inda yaran da aka yi wa rigakafi suka yi ƙaranci.

Saƙon da ke bin akson na lantarki ne, amma ƙarfinsa bai kai kashi 1 cikin 10 na batirin tocila ba. Jiki yana yin sa ne da gishiri iri biyu, sodiyam da fotashiyam. A jikin wayar akwai ƙananan ƙofofi. Idan saƙo ya zo sai su buɗe, sodiyam ya kwararo ciki, fotashiyam ya fita, wannan ya buɗe ƙofofin da ke gaba, haka har ƙarshen waya. Allurar da likitan haƙori ke yi maka kafin ya cire haƙori waɗannan ƙofofi take toshewa na ɗan lokaci, labarin ciwo ya rasa hanyar wucewa. Yaron da gudawa ta rikita gishirin jikinsa kuma yana iya jijjiga, wannan na cikin amfanin ruwan gishiri da sukari da ake ba shi.

A nan ya kamata mu taɓo farfaɗiya. Idan niyuron masu yawa suka saki lantarkinsu a lokaci ɗaya ba tsari, mutum ya faɗi yana jijjiga, ko ya yi shiru ya ƙura ido na 'yan daƙiƙu. Ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa mai ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke da ita a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan sun samu maganin da ya dace suna sha ba fashi. Idan ta tashi a kawar da shi daga wuta da ruwa, a kwantar da shi a gefensa, kada a sa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa komai. Idan ta wuce minti 5 a garzayo da shi asibiti.

INDA SAƘO KE TSALLAKAWA

Tunda niyuron bai manne da na gaba ba, yaya saƙo ke wucewa? Tsakaninsu akwai ɗan gibi wanda ya fi silin gashi sirantaka fiye da sau 1,000, ana kiran mahaɗar sinafs. Idan lantarki ya iso bakin waya sai ya sa a saki wani sinadari, sinadarin ya tsallake gibin, ya sauka a kan na gaba. Wani sinadarin cewa yake "tashi", wani kuma cewa yake "dakata". Kowane niyuron yana karɓar dubban irin waɗannan saƙonni, ya auna su, sannan ya harba ko ya yi shiru.

Magunguna da guba da yawa a wannan gibi suke aiki. Dafin cutar sarƙe-haƙora, wadda ke shiga ta rauni mai datti ko ta cibiyar jariri da aka yanke da reza mara tsabta, yana hana sakin sinadarin "dakata", sai tsokoki su ɗaure, muƙamuƙi ya kulle. Fiya-fiya da makamantansa na feshin gona suna hana a share sinadarin da ke motsa tsoka da gumi da yawu bayan ya gama aikinsa, sai wanda ya sha ko ya shaƙa ya yi ta dalala da gumi, ƙwayar idonsa ta tsuke, ƙirjinsa ya cika da majina. A cutar Parkinson kuwa niyuron masu yin sinadarin dofamin ne ke ƙarewa a hankali, sai hannu ya riƙa karkarwa, tafiya ta yi nauyi.

GILIYA, MASU HIDIMA

Iri na biyu na ƙwayoyin ana kiransu giliya, daga kalmar Girkanci mai nufin danƙo, domin masanan farko sun ɗauka aikinsu kawai liƙe niyuron wuri ɗaya. An daɗe ana koyar da cewa sun ninka niyuron sau 10. Yanzu an gane yawansu kusan ɗaya ne. Wasu masu siffar tauraro suna ciyar da niyuron, suna share sinadaran da suka yi yawa, suna kuma taimakawa wajen tsare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, wanda ke hana abubuwa da yawa shiga, har da wasu magunguna. Wannan shinge ne ya sa ba kowane maganin kashe ƙwayar cuta na kemis ke isa ga sanƙarau ba. Wasu ƙanana su ne dakarun tsaro da masu shara. Da yake giliya suna iya hayayyafa, mafi yawan ciwon dajin da ke farawa a ƙwaƙwalwar manya daga cikinsu yake tasowa.

Waɗanda suka fi shafar darasinmu su ne masu naɗe akson da wani farin kitse mai suna mayelin, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Wayar da aka naɗe da kyau saƙo yana gudu a kanta har mita 120 a daƙiƙa. Wadda ba a naɗe ba, wajen mita ɗaya take yi a daƙiƙa. Ka yi tuntuɓe, ka ji kaifin zafi nan take, bayan ɗan lokaci zugi ya biyo. Saƙo biyu ne, ɗaya ta waya mai riga, ɗaya ta waya mara riga. Jariri ana haifarsa da kusan dukkan niyuron ɗinsa, amma naɗin bai kammala ba. Yayin da naɗin ke ci gaba sai ya riƙe wuya, ya zauna, ya yi rarrafe, ya taka. Na wajen goshi sai mutum ya haura shekara 20 yake kammala. Ƙwaƙwalwa mai tasowa ta fi saurin cutuwa, kamar yadda aka gani a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400, ta bar wasu da naƙasa.

A cikin rassa, masu yin wannan naɗi ana kiransu ƙwayoyin Schwann. Su ƙwayar kuturta ke shiga, jijiyar ta kumbura, hannu da ƙafa su daina jin ciwo, sai ƙuna da rauni su cinye yatsu. Tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi, a nuna wa likita. Maganin kuturta kyauta ne, kuma yana tsayar da ita kafin ta kai nan.

ABIN DA KE TOHOWA DA WANDA BA YA TOHOWA

Yanzu mu koma ga rabon da muka yi tun farko. Idan reshe ya yanke, misali wuƙa ko gilashi ya yanke jijiyar saƙo a wuyan hannu, gangar niyuron tana nan da rai. Ɓangaren wayar da ya rabu da ita yana mutuwa, amma ƙwayoyin Schwann suna share shi, su jera kamar bututu, sabon toho ya biyo cikinsa. Gudunsa kimanin milimita ɗaya ne a rana, wato wajen inci ɗaya a wata. Saboda haka wanda aka ɗinke wa jijiya sai ya yi haƙuri na watanni, yana zuwa gashi don kada gaɓa ta sandare kafin tohon ya iso. Ɗinkin kuma ba a jinkirta shi, domin tsokar da ta daɗe ba ta samu saƙo ba tana ramewa har ta daina amsawa.

Wani rauni na reshe da ke ba mu takaici shi ne na allura. Babbar jijiyar saƙo ta jiki, mai kaurin babban yatsa, ta ratsa ta tsakiyar ɗuwawu ta gangara bayan cinya. Idan wanda bai ƙware ba ya soka allura a kanta, yaro ya ƙwalla ƙara, daga ranar ya fara jan ƙafa. Wurin allura shi ne can sama ta gefen waje, ƙananan yara kuma a cinya ake yi musu. Yawancin zazzaɓi ma maganin sha ya ishe shi. Kada a matsa wa mai kemis sai ya yi allura.

A cibiya labarin ya bambanta. A laka da ƙwaƙwalwa giliya suna yin tabo a wurin rauni, kuma akwai sinadarai a mayelin na can da ke hana toho. Har yau babu maganin da ke haɗa lakar da ta yanke gaba ɗaya. Don haka abin da aka yi a wurin haɗari yana da nauyi ƙwarai. Mutum zai iya karya ƙashin wuya lakarsa ba ta yanke ba, sai masu taimako su cicciɓe shi, wani ya kama hannu wani ya kama ƙafa, su naɗe shi a bayan mota, ƙashin ya motsa ya ƙarasa abin da haɗarin bai yi ba. Wanda ya faɗo daga babur ko bishiya ko rijiya yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, ko yana sume, a riƙe kansa daidai da gangar jikinsa, a mirgina shi gaba ɗaya kan allo ko ƙyauren ƙofa, a ɗauke shi a haka. Karayar gadon baya ba ta mai ɗori ba ce.

Shanyewar ɓarin jiki kuwa jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa, kuma hawan jini shi ne kan gaba wajen jawo ta. Wani likita a Amurka, Jeffrey Saver, ya ƙiyasta a 2006 cewa idan babbar jijiya ta toshe, niyuron kusan miliyan 1.9 ke mutuwa a kowane minti. A kewayen wurin da ya mutu akwai ƙwayoyin da suka galabaita amma suna da sauran rai, su ake rige-rigen cetowa. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta sarƙe, ko da abin ya wuce cikin mintuna, a nufo sashen gaggawa. A lura da ƙarfe nawa abin ya fara, domin allurar narkar da gudan jini, a inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta. Kada a ba shi asfirin kafin a yi hoton ƙwaƙwalwa, domin idan fashewa ce zai ƙara zubar jinin. Kada a ba shi ruwa ko koko ko rubutu ta baki, haɗiyarsa na iya samun matsala abin ya wuce huhu. Addu'a kuwa babu mai hana ta, a yi ta a cikin mota ana tafiya.

To idan matattun ƙwayoyi ba sa dawowa, me ya sa wasu ke tashi su yi tafiya? Kumburi yana sauka, waɗanda suka galabaita su farfaɗo, sannan niyuron da suka tsira suna ƙulla sababbin mahaɗu su karɓi wani ɓangare na aikin waɗanda suka tafi. Maimaita motsi ne ke ƙulla waɗannan mahaɗu, kuma ribar ta fi yawa a wata uku zuwa shida na farko. Wannan ne aikin sashen gashi. Mai jinyar da ke yi wa majiyyaci komai saboda tausayi, ya ɗaga masa hannu, ya ba shi abinci a baki alhali zai iya gwadawa, yana rage masa wannan dama. Wanda ba ya iya juyawa da kansa kuma a riƙa juya shi duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya.

Mai zuwa ganin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya shirya amsar tambayoyin da za a yi masa: daga ina abin ya fara, farat ɗaya ya zo ko a hankali, gefe ɗaya ne ko biyu, rashin ƙarfi ne ko rashin jin taɓi, ya shafi fitsari ko bai shafa ba. Da waɗannan amsoshi likita ke gane ko ciwon a reshe yake, ko a laka, ko a ƙwaƙwalwa, tun kafin a yi hoto. Mai faɗuwa ya zo da wanda ya ga faɗuwar da idonsa. A kuma taho da kwalayen duk magungunan da ake sha, har da na gargajiya.